Jarumin da Ba a Iya Yi wa Dariya



Akwai wani ɗan wasan fim haifaffen Birtaniya mai suna Christian Bale, wanda ya fito a matsayin Batman a finafinai uku daga 2005 zuwa 2012. Ga wanda bai san labarin ba, Batman wani attajiri ne na ƙage, wanda in dare ya raba yakan sa baƙar riga mai kunnuwa biyu a tsaye, ya yafa mayafi mai kama da fukafukan jemage, ya fita farautar miyagu a cikin birni. Bale ya taɓa ba 'yan jarida labarin ranar da aka gwada shi kafin a ba shi aikin. An sa masa tsohuwar rigar da Val Kilmer ya yi wasa da ita a 1995, ya tsaya gaban masu shirya fim, sai ya ji kansa tamkar wawa. Ya tambayi zuciyarsa: wane irin baligi ne zai yi shigar jemage, ya gaisa da mutane da muryarsa ta kullum, kuma a gan shi da daraja? Mafitar da ya samu ita ce ya mai da kansa dodo a cikin rigar. Ya shaƙe murya, ya riƙa gurnani, domin tsoro ya rufe abin dariyar.

Bayan kimanin shekara 20, wani Ba'amurke mai suna David Corenswet ya gamu da irin wannan matsala, sa'ad da aka ɗauke shi ya zama Superman a fim ɗin 2025. Shigar Superman tana da wani abu da ya daɗe yana ba masu shirya fim kunya, wato jan ɗan kamfai da yake ɗorawa a kan wandonsa. Asalin wannan shiga ta masu wasan nuna ƙarfi ce a dandalin Amurka, ita Jerry Siegel da Joe Shuster suka kwaikwaya da suka fito da jarumin a 1938. A fim ɗin 2013 an cire kamfan ɗungum, aka duhunta launin rigar, wai don a nuna wasan ya girma. James Gunn, wanda ya ba da umarni a sabon fim ɗin, ya ce shi ma ya yi ta kai-kawo a kan batun, har ɗan wasan ya kawo masa hujja: wannan halitta ce mai ƙarfin da ya isa ya firgita kowa, saboda haka da gangan yake shiga mai launi irin ta 'yan kokawa, don kada yara su ji tsoronsa. Sai aka mayar da kamfai wurinsa.

Ciwo ɗaya ke nan, magani biyu. Dukansu sun yarda cewa rigar abin dariya ce. Na farko ya ɓoye dariyar a bayan tsoro, na biyu ya bar ta a fili don ta kashe tsoro. A ganina na biyun ya fi kusa da gaskiya, kuma gaskiyar tasa ta wuce harkar fim. Duk rigar da aka ɗinka domin ta shelanta cewa ga jarumi, akwai abin dariya a cikin ɗinkinta, kuma wannan dariya ita ce linzamin mai rigar. Ranar da aka wayi gari babu wanda ya isa ya yi masa ko murmushi, ranar ce ya kamata mutanen gari su fara ɗaure kayansu. Mu mazauna Khartum da Umdurman mun biya kuɗin wannan karatu da tsada, kuma zan zo kansa.

Wani zai ce ina ruwan Bahaushen Sudan da kamfan Superman. Ai mun daɗe da saninsa, da wani suna dai. Tun 1964 wani kamfanin ɗab'i a Bairut ya fara fitar da labaransa na zane cikin Larabci. Aka sauya wa Clark Kent suna ya koma Nabil Fauzi, Batman kuma aka kira shi Al-Waɗwaɗ. Mujallun suka zaga ƙasashen Larabawa har da nan, yara suna musayarsu har bango ya yage. A nan fassara ta tona asiri. Kunnen da bai san Turanci ba yana jin Batman kamar sunan wani sadauki, amma a kira shi da Hausa, a ce ga Malam Jemage ya iso, ka ga ko akwai wanda zai riƙe dariyarsa. A gefe guda muna da namu na gida: mujallar As-Sibyan wadda aka fara a 1946, da Ammak Tango, wanda mawaƙin nan Sharhabil Ahmad ya daɗe yana zanawa. Tango ba ya tashi sama, kullum cikin shirme yake. Yaran wancan zamani suna sha'awar mai tashi, suna dariyar mai faɗuwa, kuma ba su rikita wasa da gaske ba. Yau jikokinsu suna kallon waɗannan jarumai a wayar hannu, suna roƙon a sayo musu rigar Spider-Man ta sallah.

Waɗanda suka sa rigar sun fi mai kallo sanin halinta. Michael Keaton, Batman na 1989, bai iya juya wuyansa a cikinta, in zai dubi gefe sai ya juya da jikinsa duka kamar mai sanƙarau, kuma sai a fim ɗin 2008 aka gyara ɗinkin yadda jarumin zai iya waiwaye. Val Kilmer ya ce in ya shiga cikinta da ƙyar yake motsi, ba ya jin magana, har mutane suka daina yi masa zance. George Clooney kuwa ya shafe shekaru yana ba mutane haƙuri a kan nasa na 1997, yana yi wa kansa ba'a. Mai gadin birni ke nan, wanda in ɓarawo ya biyo ta bayansa ba zai iya waiwayawa ba.

Wanda ya taɓa tsayawa kusa da 'yan lifidi ranar hawan sallah a Kano ko Katsina ko Zazzau ya san irin wannan hali a cikin kayanmu na gado. Lifidi riga ce mai kauri da ake cusa wa audugar rimi, a ɗinke ta gida-gida, ta rufe mahayi da dokinsa, a ɗora kwalkwali mai gashin jimina a ka. A zamaninta tana da amfani na gaske, domin kibiya mai dafi takan maƙale a cikin audugar ba ta kai ga fata ba. Amma tana da nauyi da zafi, mai ita sai an taimaka masa ya hau, in ya faɗo tashi aiki ne, kuma wuta ce babbar abokiyar gabarta. Da Turawa suka zo da bindiga mai ruwa, Kano ta faɗi a Fabrairu 1903, Sakkwato a Maris, aikin lifidi ya ƙare, ya koma ado. A yau babu wanda ke tsaye a Ƙofar Kudu yana zaton wannan auduga za ta tare harsashi. Mahayin ya sani, mai kallo ya sani. Ana yi masa jinjina, yara suna nuna shi suna dariyar yadda ya cika kamar buhu, shi ma yana murmushi a ƙarƙashin kwalkwalinsa. Babu wanda ya ragu da komai, domin kowa ya san matsayin rigar.

Umdurman ma tana da tata riga, kuma labarinta ya fi nauyi. Sa'ad da Muhammad Ahmad al-Mahdi ya fara kiransa a tsibirin Aba a 1881, mabiyansa suna sanye da muraƙƙa'a, wato tsohuwar jibba mai faci, irin wadda masu gudun duniya ke sawa don nuna ba su mallaki komai ba. Facin na gaske ne, inda ta yage nan ake liƙa ƙyalle. Bayan an ci Khartum a 26 ga Janairu 1885, Mahdi ya rasu a watan Yuni na shekarar, mulki ya koma hannun Khalifa Abdullahi, jibba kuma ta zama kayan soja. Aka riƙa ɗinka ta sabuwa fil, a yanko ƙyallaye masu launi a jera su daidai wa daida, hagu ya yi kama da dama, ta manyan amirai ta fi ta talakawa kyau. Faci ya tashi daga shaidar talauci ya koma shaidar muƙami. Kafin wannan yaƙi na yanzu, mai son gani da idonsa yakan shiga gidan tarihi na Baitul Khalifa, daura da ƙubbar Mahdi, ya ga jibbobin a rataye tare da sulkuna da takubba.

A 2 ga Satumba 1898, a filin Karari da ke arewa da Umdurman, dubban masu wannan jibba suka fuskanci rundunar Kitchener. Kafin rana ta take, kimanin mutum dubu 10 daga cikinsu sun kwanta dama, alhali waɗanda suka mutu a ɓangaren Kitchener ba su kai 50 ba. Babu mai hankalin da zai yi wa waɗannan matattu dariya. Har abokan gabarsu sun shaida jaruntarsu, kuma jininmu bai yi nisa da nasu ba: shekara biyar bayan haka aka yi ta Burmi, inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi shahada a Yuli 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da tafiya gabas da jama'a har suka zauna a bakin Shuɗin Nilu, a garin da ke ɗauke da sunansa har yau. Abin lura shi ne jaruntar tana cikin ƙirjin mutanen. Jibbobin kuwa an kwashe da yawa daga cikinsu ganima, suna can cikin akwatunan gilashi a gidajen tarihin Ingila, da facinsu a jere, babu kowa a ciki.

Ma'anar farko ta muraƙƙa'a ba ta mutu ba. Shekara da shekaru, duk yammacin Juma'a, darwishai suna taruwa a hubbaren Shehu Hamad an-Nil a nan Umdurman, da jibbobinsu kore da ja, da tasbahohi rataye a wuya, wasu da huluna masu tsini. Yara suna dariya, baƙi suna ɗaukar hoto, darwishi bai damu ba. Ai don haka aka sa rigar tun asali: mutum ya yafa abin da za a raina shi a kai, domin girman kai ya mutu. Wanda ya sa faci sannan ya fusata don an yi masa murmushi, ya sa rigar ne ya bar darasinta a gida.

Waɗanda suka karanta sira za su tuna da Abu Dujana, Allah Ya yarda da shi. Ranar Uhudu ya ɗaura jan ƙyallensa a ka, wanda mutanen Madina suka san ma'anarsa, ya fita yana taƙama tsakanin sahu biyu. Aka ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bayyana cewa irin wannan tafiya abin ƙi ce a wurin Allah in ba a irin wannan wuri ba. Sayyidina Hamza ma an gane shi ranar Badar da gashin jimina a ƙirjinsa. Abu biyu nake ɗauka daga nan. Na farko, alamar jarunta tana da wuri da lokaci, in ta fita daga iyakarta ta zama abin zargi. Na biyu, alamar tasu tana bayyana mai ita ne, tana gaya wa abokin gaba ga ni nan, in kana nema. Haka jarumin Bahaushe yake, ɗan dambe ne ko ɗan tauri ko mafarauci: kafin ya taɓa kowa sai ya yi kirari, ya faɗi sunansa da na garinsu, don in ya yi abin kunya a san gidan da za a kai labari. A nan ma jaruman nan biyu na fim sun rabu. Superman fuskarsa a buɗe take. Jemage ne mai rufe fuska.

Mun ga irin wannan alama mai bayyana mai ita a zamaninmu. A 8 ga Afrilu 2019 wata ɗaliba, Ala'a Salah, ta hau kan mota a gaban hedikwatar soja a Khartum, sanye da farin tobu irin na malaman makaranta da ma'aikatan ofis, da 'yan kunnen zinariya, tana jagorantar taro da hannu a sama. Hotonta ya zaga duniya, aka kira ta Kandaka, sunan sarauniyoyin Kush na dā. Kwana uku bayan haka aka sauke Umar al-Bashir. Farin mayafi ba ya tare komai, hasali ma ya sa ta fi kowa fitowa fili a wurin da ake da masu bindiga. Darajar wannan shiga daga nan ta zo.

'Yan wasanmu na gida sun daɗe da fahimtar abin da Bale da Corenswet suka gano. Marigayi Usman Baba Pategi, wanda duk ƙasar Hausa ta sani da Samanja Mazan Fama, soja ne na gaske kafin kowa ya san shi a akwatin talabijin na Kaduna. Ya sa kaki, ya murɗe gashin baki, ya riƙa tsawa da Hausar bariki gauraye da Turanci, mutane suna dariya har da hawaye, kuma sojoji suna cikin masu kallonsa. Wanda ya san nauyin kaki daga ciki shi ne ya fi iya nuna inda yake da ban dariya. Ya rasu a Nuwamba 2023, ba a taɓa jin cewa wasansa ya rage wa soja nagari daraja ba. A nan Sudan kuma marigayi Al-Fadil Sa'id ya yafa tobun tsohuwa ya zama Bit Gudaim, ya faɗi abin da mai rawani ba zai iya faɗa ba. Al'ummar da ke da irin waɗannan mutane tana da wurin da masu iko za su ga kansu a madubi.

Yanzu ga inda na ce zan zo. Tun 15 ga Afrilu 2023, da faɗa ya ɓarke tsakanin sojan ƙasa da dakarun Da'amus Sari'i, waɗanda kafafen labarai ke kira RSF, Khartum da Umdurman da Bahri suka cika da masu shigar jarumai. Kaki mai rodi-rodi, jigidar harsashi a gicciye a ƙirji, layu a damtse, baƙin tabarau, fuska a naɗe sai idanu. Da yawansu samari ne da gemu bai gama fito musu ba. Suna tsayawa a kan motar yaƙi, ɗaya yana riƙe da waya yana ɗauka, sauran suna ɗaga bindiga sama, daidai yadda suka gani a fim. Da a dandali ne, da an yi dariya, domin babu abin da ya kai yaro mai kwaikwayon sadauki ban dariya. Amma a shingen bincike babu mai murmushi. Dattijon da ya haifi uban yaron yakan sunkuyar da kai ya ce ranka ya daɗe. An zauna a gidajen mutane, an kwashe kayansu, an wawushe gidan tarihi na ƙasa, fiye da mutum miliyan 10 sun bar muhallinsu. Wannan shi ne maganin Bale in ya fito daga cikin fim: mutum ya ji a ransa cewa shigarsa ta wauta ce, sai ya rufe wautar da firgita mutane. A fim ana kashe fitila kowa ya koma gida. A unguwa babu mai kashe fitilar.

A cikin wannan hali, su wa suka yi aikin da ake jingina wa jarumai? Matasan ɗakunan agajin gaggawa na unguwanni, da matan da suka riƙe takaya, wato tukwanen sadaka inda ake dafa wake da adas da asida a raba wa duk wanda ya zo da kwano. Da ma'aikatan asibitin An-Nau na Umdurman, waɗanda suka ci gaba da aiki alhali yawancin asibitocin birnin sun rufe, kuma can aka kai waɗanda luguden wuta ya rutsa da su a kasuwar Sabrin ranar 1 ga Fabrairu 2025, inda fiye da mutum 50 suka rasu. An kama wasu daga cikin masu aikin sa kai, an kashe wasu, kowane ɓangare yana zarginsu da taimakon ɗayan. Shigarsu kuwa silifa ce da tsohuwar jallabiya mai tabon miya. In ka tsaya a layin takiyya za ka ji ana tsokanar mai rabo cewa ludayinsa ya san fuskar 'yan uwansa, shi ma yana ramawa. Mutumin da ake iya tsokana haka, ba a gudunsa.

Na san abin da wasu dattawa za su ce, kuma maganarsu tana da nauyi: in aka buɗe ƙofar yi wa riga dariya, gobe za a yi wa rawani, jibi a yi wa alkyabba, daga nan haiba ta zube, ƙaramin yaro ya daina ganin girman kowa. Aikina ya sa na daɗe ina zaune kusa da rawani, ina rubuta wasiƙu da sulhu da sunayen waɗanda za a naɗa, kuma abin da na gani shi ne rawanin da ya fi daɗewa a ka shi ne na mutumin da abokin wasansa ke iya shigowa zaure ya ce masa wannan naɗi ya fi kan girma, a yi dariya, a ci gaba da shari'a. Magabatanmu ba su bar wannan ga sa'a ba, tsara shi suka yi. Sun ajiye wawan sarki a fada. Sun bar 'yan kama su kwaikwayi malamai. Sun bar yara su yi tashe da azumi, su sa gemun auduga su yi shigar manya. Sun ƙulla wasa tsakanin Kanawa da Zagezagi, Fulani da Barebari, Gobirawa da Yarbawa, yadda talaka zai iya zolayar basarake ba a ce ya yi laifi ba. Akwai bambanci tsakanin dariya da wulaƙanci, kuma Bahaushe ya san shi: wulaƙanci yana nufin mutumin, dariya tana tsayawa a kan rigar, ta tuna wa mai ita cewa aro ya yi. Kayan aro kuwa ba ya rufe katara.

Wasu kuma za su ce a hana yara waɗannan finafinai gaba ɗaya. A cikin damuwarsu akwai abin da na yarda da shi. Labarin da kullum yake ƙarewa da mutum ɗaya mai ƙarfi ya sauko daga sama ya ceci gari, jama'a suna tsaye suna tafi, yana koya wa zuciya jiran mai ceto, kuma ƙasar da ta sha juyin mulki a 1958 da 1969 da 1989 ta san inda wannan jira ke kaiwa. Amma hani ba ya aiki a zamanin da fim yake cikin aljihun yaro. Abin da ke aiki shi ne a zauna da shi a kalla, a nuna masa inda abin dariyar yake, a kuma ba shi labarin mutanen da ke cikin rigar. Christopher Reeve, Superman na 1978, ya faɗo daga kan doki a 1995, jikinsa ya shanye daga wuya zuwa ƙasa, ya yi sauran shekarunsa tara a kan keken guragu yana nema wa masu irin ciwonsa magani. Chadwick Boseman ya yi Black Panther na 2018 yana ɗauke da ciwon dajin hanji da aka gano tun 2016, bai bari duniya ta sani ba, har ya rasu a Agusta 2020 yana da shekara 43. Abin da ya cancanci a kira jarunta a rayuwar mutanen nan biyu ya faru ne bayan an rataye rigar a ƙusa.

Ga masu shirya finafinanmu na Kano da Kaduna da Jos, in sha'awar irin wannan labari ta kama ku, kada ku ɗinka wa Bayajidda rigar roba ku shaƙe masa murya. Labarinsa da kansa ya fi haka hikima: baƙo ne da ya iso Daura da dare yana neman ruwa, ya je rijiyar Kusugu da guga, ya kashe macijiya, ya koma ya kwanta, sai da safe aka shiga neman wanda ya yi aikin. In za ku sa wa jaruminku lifidi, ku bar shi ya yi gumi a ciki, ku bar matarsa ta yi masa dariya sa'ad da ya kasa hawa doki shi kaɗai. Mai kallo zai fi yarda da shi in ya fita fagen fama.

Ga iyaye kuma, in yaro ya nace sai rigar Spider-Man, a saya masa in da hali. A bar shi ya yi tsalle daga kan dakali, a yi masa dariya ta ƙauna, ya saba da cewa mai rigar jarumi ana iya yi masa dariya kuma duniya ba ta tashi ba. In ya gama, a miƙa masa kwano ya kai wa maƙwabciya tsohuwa abincinta, da rigar tasa a jiki. Yaron da ya taso a haka, in wata rana aka ba shi kaki ko rawani, akwai fatan zai tuna cewa tufa ce, kuma tsohon da ke tsaye gabansa ba zai buƙaci sunkuyar da kai ba.

Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan fitina, Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya mayar da kowa ɗakinsa lafiya.